Shin awon ciki yana gano matsalar laka da ƙwaƙwalwar jariri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu da suka wuce na haifi ɗa da ƙullutu a gadon bayansa, aka ce mini ƙashin bayansa ne bai rufe ba, kuma ko arba'in bai yi ba Allah ya karɓi abinsa. Yanzu ina da cikin wata uku. Akwai gwajin da zai nuna mini lafiyar wannan kafin haihuwa? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa mai ceto ne, ya kuma sauke ki lafiya. Gwajin yana nan, kuma lokacinsa bai wuce ki ba.

Laka da ƙwaƙwalwa suna somawa ne daga wani siririn bututu da ke rufewa cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki. Idan ƙasansa bai rufe ba, sai a sami abin da ya sami ɗanki, wanda likitoci ke kira sifaina bifida. Idan samansa ne, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa cika.

Tsakanin mako 15 zuwa 20 ana ɗibar jinin uwa a auna AFP, wani sinadari daga jikin jariri da kan hau a jinin uwa idan bututun bai rufe ba. Hauhawarsa ba hukunci ba ne, domin cikin tagwaye ko kuskuren lissafin makonni ma suna ɗaga shi. Abin da na fi dogara da shi shi ne sikanin na musamman tsakanin mako 18 zuwa 22, inda ƙwararre zai bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa ya kuma duba kai, ba irin sikanin da ake yi a gurguje don ganin namiji ne ko mace ba. Ki gaya wa mai awon tarihin haihuwarki ta baya tun kafin ki hau gado. Zuƙo ruwan mahaifa da allura kuwa ba kasafai ake bukatarsa ba, kuma yana da ɗan haɗarin ɓari.

Gwajin ba ya gyara abin da ya riga ya faru, amma idan aka ga matsala, za a shirya miki haihuwa a asibitin koyarwa mai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, domin a rufe wurin cikin kwana biyu ko uku na farko kafin ƙwayoyin cuta su shiga.

Ki ci gaba da shan folik asid ɗin da aka ba ki a wurin awo, wato ƙwayar bitamin da ke rage haɗarin irin wannan matsala. Nan gaba kuwa, mai tarihi irin naki tana bukatar miligiram 4 zuwa 5 a kullum bisa umarnin likita, ta fara tun kafin ciki ya shiga.