Amsoshin Tambayoyinku: Bakin Gashi Bayan Rilaksa

Tambaya: Anti, wata biyu ke nan da na sa rilaksa, yanzu bakin gashina ya bushe ya tsattsage, kuma duk lokacin da na taje sai in ga gutsattsari a haƙoran mataji. Hankalina ya tashi. Wane mai zan saya ya haɗe shi?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata, domin gashin da ke tsirowa daga fatar kanki lafiyarsa lau. Sai dai babu man da zai haɗe gashin da ya riga ya tsage, komai abin da aka rubuta a jikin kwalba. Irin waɗannan mayuka suna lulluɓe tsagar ne na ɗan lokaci, da zarar kin wanke kai ta dawo. Ki sa a datse bakin da almakashi mai kaifi kafin tsagar ta hau sama, ki riƙa amfani da kwandishana bayan kowane wanki, ki shafa ɗan mai a bakin gashin, ki taje da mataji mai faɗin haƙora kina farawa daga baki zuwa tushe, sannan ki kwana da hular satin, saboda matashin kai ko ɗankwali na auduga yana shanye danshin gashi.

Tambaya: Mako uku da na sa rilaksa amma bai miƙe yadda nake so ba. In sake sawa?

Amsa: A'a, kuma ina mamakin yadda wannan tambaya take dawowa kullum. Rilaksa sinadari ne mai ƙarfi ƙwarai, ko na sodiyam haidiroksaid ne ko na guwanidin, kuma aikinsa karya ɗaurin da ke riƙe keratin, wato sinadarin da aka gina gashi da shi, a cikin kowane silin gashi. Abin da ya karya ba ya komawa yadda yake. Gashi yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, wanda ke nufin bakin gashi mai tsawon santimita 24 ya kai shekara biyu a kanki, ya kuma sha rilaksa tun tuni. Duk da haka sai ki ga mai gyaran gashi ta ɗebo rilaksa ta laƙa tun daga tushe har baki, tana jan sa da mataji wai don ya yi santsi, mai kan kuma tana murna. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi kowace, kuma ita ke sa mata zuba kuɗi daga baya a kan mayukan da ba su da abin da za su gyara. Ki jira mako 8 zuwa 12, a shafa wa sabon tsiro kawai, a rufe tsohon gashin da kwandishana ko Vaseline tukuna, a kuma wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin sinadarin. Idan mai gyaran gashi ta ƙi yin haka, ki ɗaura ɗankwalinki ki tashi.

Tambaya: Na ga rilaksa mai araha sosai, amma babu ranar lalacewa a jikin kwalinsa.

Amsa: Ki bar shi a inda kika gan shi. Wanda ba shi da wannan rana ko takardar bayani a ciki, ba ki san ƙarfinsa ba balle mintocin da zai yi a kai.

Tambaya: Zan iya rina gashina a ranar da na sa rilaksa?

Amsa: Ki ba shi aƙalla mako biyu, idan kuma bakin yana karyewa, ki haƙura da rinin har sai an datse shi.