Alluran peptide na ƙara tsawo da ƙwanji: amsar tambayoyinku

Wani matashi daga Kawo ya rubuto: "Likita shekarata 22, soja nake son shiga amma tsawona bai kai ba, an ce in yi allurar sermorelin ko ipamorelin, wanne ya fi?"

Ƙanena, a wurinka babu wanda ya fi. Su waɗannan alluran na peptide, wato 'yan guntayen furotin, ba su ne sinadarin girma ba, aikinsu su zunguri wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ta saki nata. To amma tsawo daga bakin ƙashi yake fitowa, wurin nan mai taushi kamar guringuntsi, kuma yawanci kafin shekara 20 ya riga ya haɗe, ko buhu guda ka yi ba za ka ƙaru da inci ɗaya ba. Riƙe kuɗinka.

Sai mai ɗaga ƙarfe a wani jim a Barnawa, yana tambayar bambancin sermorelin da CJC-1295 da ipamorelin, wai kocinsu na sayarwa.

Malam, sermorelin kwaikwayon saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ne, cikin 'yan mintoci ya fice daga jini, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 don yaran da girmansu ya tsaya, daga baya a 2008 kamfanin ya daina yinsa. CJC-1295 ɗan gidansu ne, sai dai akwai samfurinsa da ke yin kwanaki a jiki, ni kuma wannan ne bai kwanta min ba, don jiki a tsittsinke yake sakin sinadarin, galibi cikin barci mai nauyi, ba dare da rana ba kamar famfon da aka manta a buɗe. Shi ipamorelin ta ƙofar sinadarin yunwa yake bi. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a amince da su a matsayin magani ba, kuma hukumar WADA, mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta wa 'yan wasa dukkansu. Sannan fa abin firij yake so bayan an haɗa shi da ruwa, a wannan wutar tamu ta Kaduna? Ka juya kwalbar ka nemi lambar NAFDAC tukuna.

Wata Hajiya daga Unguwar Rimi mai ciwon suga ta ji ana cewa tesamorelin, wani ɗan gidan su sermorelin, na narkar da tumbi.

Hajiya, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010, gaskiya ne, amma don masu HIV da kitse ya taru musu a ciki, kuma in an daina kitsen dawowa yake. Yana iya ɗaga suga, ga kumburin ƙafa da ciwon gaɓoɓi da hannu ya riƙa mutuwa da dare. Da sugan nan naki ban ba ki shawara ba wallahi, ki je wurin likitan da ke duba ki da takardar gwajinki na ƙarshe ku zauna kan maganar tumbin.