Tambayoyinku: Waya, Rediyo da Ƙarar Mota

Tambaya: Ina haɗa wayata da rediyon mota ta igiyar aux. Da na jona caja sai wani siririn kuka ya taso a sifika, in na taka totur ya ƙaru. Sifikar ce ta mutu? Daga mai karatu a Kubwa.

Amsa: Sifikarka lafiya lau. Kukan altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batirin mota, ke bin caja ya shiga igiyar, shi ya sa yake tashi tare da injin. Zare cajar, za ka ji ya ɗauke. Wannan da ka saya ta taga a cunkoson Nyanya, ka ba yara su yi wasa da ita, ka nemi ta kirki a Banex, kasuwar wayoyi da kayan lantarki ta Abuja. In bai daina ba, koma Bluetooth.

Tambaya: Duk wanda na kira ina tuƙi sai ya ce iska kawai yake ji. Daga wata Hajiya a Gwarinpa.

Amsa: Hajiya, a ɗaga gilashi, a kawar da bakin esi daga saitin makirufo. Shi ke nan.

Tambaya: Motata na gurnani a titin filin jirgi in na wuce gudun 80. Akwai manhajar da ke kashe ƙara, ko in sa manyan sifiku? Daga Lugbe.

Amsa: Haba Malam! Wannan tambayar ce ke hana ni barci. Mota tana faɗa maka ciwonta, kai kuma kana neman abin toshe mata baki. Babu manhajar da za ka sauke ta shanye gurnanin mota. Kada kuma ka kuskura ka cusa abin kunne mai kashe ƙara kana tuƙi, don har hon ɗin tirela zai rage maka.

Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, galibi boris ɗin ƙafa ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ko tayar da ta ci gefe guda. In ka sami titi ba kowa, ɗan karkata sitiyari dama, sannan hagu. Sautin ya sauya? To boris ne, kuma in ya ƙarasa lalacewa yana iya riƙe taya kana tsakiyar gudu da iyali a baya. Haka kukan birki: a motoci da yawa da gangan aka sa wani ɗan ƙarfe da zai riƙa gogar faifai in birkin ya cinye, don ka ji. Sai wani ya ƙure waƙa ya ce ai ya daina!

Kunnenka ma fa amana ne. Sautin da ya haura desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in aka daɗe a cikinsa kullum, yana cin ji a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ga abin da nake yi, kuma nake so kowa ya saba: kashe rediyo, ka ba na kusa da kai waya ya naɗi ƙarar na minti ɗaya, yana faɗin gudun da kuke. Kai wa makanikenka a Apo ya saurara, maimakon ka tsaya gabansa kana kwaikwayon "guuu" da baki. Duba iskar taya kuma, adadin yana nan a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Sai an gyara wannan za mu yi maganar sabuwar robar ƙofa da shimfiɗar rage ƙara ta ƙasan kafet.