Fatawa: Ƙanena mawaƙi ne, dangi na cewa ya ba da kansa ga aljanu

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni matar aure ce a Mabera, nan cikin Sakkwato. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da ya kama sana'ar waƙa. Yana shiga situdiyo, ana gayyatarsa biki, har wasu masu shirya fim a Kano sun fara karɓar waƙoƙinsa. Tun da sunansa ya fara fita magana ta tashi cikin dangi. To sai ga ciwo: yana zaune sai ya yanke jiki ya faɗi, ya sandare, ya ciji harshe, kumfa na fita a baki, in ya farfaɗo bai san abin da anka yi ba. Kawunmu ya ce duk wanda ya yi suna a harkar nan sai da ya je wurin boka anka haɗa shi da aljani, yanzu aljanin ne ya zo karɓar ladansa, har ya hana kowa cin kuɗin yaron. Innarmu kuwa cewa take yi abokan sana'a ne sunka jefe shi, tana son a kai shi wurin wata mai bori a yi masa girka. Ni kuma ina ganin bidiyo a waya na wasu masu cewa sun tuba daga ƙungiyar asiri, wai manyan mawaƙa da 'yan fim duk sun sayar da ransu ga Shaiɗan. Malam, mene ne gaskiyar wanga al'amari, kuma me ya wajaba a kanmu?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗiyata, Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku. Kawunku da Innarku kowa ya riƙo wani gefe na gaskiya, sai dai kowa ya ɗora mata abin da ba shi da hujja a kai, kuma wannan ƙarin shi ne nake jin tsoron ya cutar da yaron nan.

Aljanu halittar Allah ne, sura guda aka saukar da sunansu, wanda ya musanta samuwarsu ya ƙaryata Alƙur'ani. Sihiri ma akwai shi. Allah ya ambace shi a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, kuma a cikin ayar ya ce masu yinsa ba sa cutar da kowa da shi sai da izinin Allah. Shafar aljani ga ɗan Adam kuwa, mafi yawan malaman Ahlus Sunna sun tabbatar da ita, hujjarsu aya ta 275 ta Baƙara, inda aka kamanta tashin mai cin riba da tashin wanda Shaiɗan ke bugarwa saboda shafa. Imam Ƙurɗubi, malamin tafsiri na mazhabarmu ta Malikiyya, ya ce ayar raddi ce ga masu musun farfaɗiyar aljanu. Amma malaman da suka tabbatar da haka ba su taɓa cewa duk wanda ya faɗi aljani ne ya kayar da shi ba. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya raba farfaɗiya gida biyu, ta miyagun ruhohi da ta cutar jiki wadda likitoci ke magana a kanta.

Shin a cikin mawaƙa da 'yan fim akwai masu zuwa wurin boka? Ba wanda zai rantse babu. Sai dai ɗan kasuwa mai neman jama'a a shago yana zuwa, ɗan siyasa yana zuwa in zaɓe ya ƙarato, mai kishiya tana zuwa. Raunin tauhidi ne, bai keɓanta da wata sana'a ba. Hukuncinsa ɗaya ne a kan kowa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba har kwana 40, Imam Ahmad kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya gaskata boka ya kafirce wa abin da aka saukar wa Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam. Abin da ake kira asirin farin jini yana ƙarƙashin tiwala, wato abin da ake ƙullawa don janyo soyayyar mutane, kuma hadisin Ibnu Mas'ud a Abu Dawud ya kira shi shirka.

Inda kiɗa da kiran iskoki suka haɗu a fili a ƙasar Hausa sananne ne, wato bori. Ana kaɗa garaya ko goge ko ƙwarya, kowane iska da takensa, Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, har a ce ya hau dokinsa. Girkar da Inna take nema ita ce ƙofar shiga wannan gida. A girka ba korar iska ake yi ba, zama ake ƙulla masa da mutum, a yanka masa dabbar da aka ce yana so, a riƙa yi masa hidima muddin rai. Annabi ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Ali, kuma aya ta 6 ta Suratul Jinn ta ce mutanen da suka nemi tsari da aljanu ba abin da suka ƙara musu sai wahala da ɓata. Irin wannan gamin-gambiza Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta wa'azi a kai a Gobir da Zamfara tun kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru tana tura jajjoji, wato malamai mata, ƙauyuka domin mata su sami ilimi da addu'a maimakon bori. Ki zauna da Inna, ki tausasa murya, tsoron rasa ɗa ne ya kai ta ga wannan tunani. Amma ki gaya mata ba kwana-kwana: kai shi girka haramun ne, ba a yi wa mahaifi biyayya a kansa.

Maganar Kawu ta fi damuna, domin tana kama da kishin addini, shi ya sa ake saurin karɓarta. Imam Malik yana ganin aikata sihiri kafirci ne. Ashe ke nan wanda ya nuna Musulmi ya ce wane ya yi tsafi, ya miƙa kansa ga aljani, jifansa ya yi da fita daga addini. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa idan mutum ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, to kalmar za ta koma kan ɗayansu. Sai mu tambayi Kawu da ladabi: me ya gani? Ya tarar da yaron a gaban boka? Yaron ya yi iƙirari da bakinsa? Akwai adilai biyu da suka shaida? Abin da na gani a wasiƙarki biyu ne kawai, suna ya fita, ciwo ya zo. Babu babin fiƙihu ko ɗaya da ya ɗauki ɗayansu a matsayin shaida. Allah ya ce a aya ta 36 ta Suratul Isra'i kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a tambaye su. Ko da ma laifi ya tabbata, yanke hukunci aikin alƙali ne, ba na taron dangi ko 'yan unguwa ba. Shehu da kansa ya yi rubuce-rubuce da yawa yana raddi ga ɗaliban zamaninsa da suka riƙa kafirta talakawan Musulmi, mu jikokin jama'arsa mu ne mafi cancantar riƙe harshe.

Suna yana da sababbansa da ido ke gani: murya, naci, kwana a kan aiki, samun mai ɗaukar nauyi, da wayar hannu da ke kai waƙa Yamai da Kumasi a yini ɗaya. Bayan sababi kuma akwai rabo. Wani Allah ya so shi ya sanya masa karɓuwa a doron ƙasa, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Wani kuma talala ce ake yi masa, irin wadda aya ta 44 ta Suratul An'am ta faɗa, a buɗe masa ƙofofin komai sannan a kama shi kwatsam. Ni da ke ba mu san wane ne wane ba.

Zancen cewa mawaƙi yana da aljani ma ba sabo ba ne. Larabawan jahiliyya sun ɗauka kowane babban mawaƙi yana da shaiɗanin da ke sanya masa baiti a baki. Dubi yadda ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya warware lamarin: ya ce shaiɗanu suna sauka ne a kan duk maƙaryaci mai yawan zunubi, ya zargi mawaƙan da ke yawo a kowane kwari suna faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya ware waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka ambaci Allah da yawa. Ma'aunin shi ne abin da mawaƙi ke faɗa da abin da yake aikatawa. Hassanu ɗan Sabit mawaƙi ne, Annabi ya roƙa masa Allah ya ƙarfafe shi da Ruhul Ƙudus.

Batun sayar da rai ga Shaiɗan kuwa daga tatsuniyoyin Turai ya samo asali, ba daga littattafanmu ba. Ƙungiyar asiri ta Illuminati da ake ta ambata an kafa ta ne a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukumar yankin ta haramta ta a 1785, sauran abin da ake jinginawa gare ta yau zance ne da ba a kawo masa shaida ba. A aƙidarmu rai mallakar Allah ne, babu cinikin da zai rufe wa bawa ƙofar tuba kafin gargarar mutuwa. Shaiɗan da bakinsa zai faɗa ranar ƙiyama, a aya ta 22 ta Suratu Ibrahim, cewa ba shi da wani iko a kan mutane face ya kira su suka amsa masa. Masu bidiyon nan da ke lissafa sunayen mutane ba shaida, da yawansu yawan masu kallo ne ke kawo musu kuɗi. Kada ki tura wa kowa. Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, in ji hadisin da Muslim ya kawo.

Yanzu ciwon. Abin da kika siffanta, faɗuwa da sandarewa da cizon harshe da rashin tuna abin da ya faru, alamomi ne da likitoci suka sani sarai a farfaɗiya. Wajibi ne a kai shi asibiti, kuma kada a jinkirta. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ga asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kware. Akwai gwajin da ke auna motsin ƙwaƙwalwa, akwai magani da ake sha kullum ba a yankewa sai da izinin likita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani yadda ya kamata. Ki keɓe da shi ki tambaye shi tambayar yaya ga ƙanenta, ba tuhuma ba: yana samun barci? Yana shan wani abu don ya jure aikin dare? Rashin barci yana tayar da farfaɗiya, ƙwayar tiramadol ma tana kayar da mutum haka, likita yana buƙatar sanin gaskiya. In ya faɗi a gabanku, ku kawar da wuta da ƙarfe daga kusa da shi, ku sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, ku juya shi ta gefe. Kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin halin, kada a guje shi, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya da shi asibiti.

Neman magani sunna ce. Annabi ya ce ku nemi magani bayin Allah, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki, ya zauna ya rubuta littattafai a kan maganin ido da na basur. Ki tuna matar nan da Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah ya ce ga 'yar Aljanna. Farfaɗiya take yi, ta kai kukanta ga Annabi, bai tuhumi addininta ba, sai ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya kuma roƙa mata Allah kada tsiraicinta ya riƙa bayyana.

Ruƙya ta shari'a kuma a haɗa da ita, ba ta kore asibiti. Fatiha, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, da azkar na safe da maraice. Mafi kyau ya karanta wa kansa, ko Inna ta tofa masa, addu'ar uwa ba ta da tamka. In za a nemi mai ruƙya, ku guji mai tambayar sunan uwa, ko neman gashi da tsumman tufa, ko baƙar akuya, ko abin binnewa a ƙofar gida, wannan boka ne ko da ya naɗa rawani. Ku guji mai duka da shaƙe wuya, da mai ɗaukar marar lafiya bidiyo yana tallar kansa. Mafi haɗari shi ne mai cewa aljani ya yi magana ya ambaci wanda ya turo shi. Annabi ya gaya wa Abu Huraira game da Shaiɗan cewa ya faɗa maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Ba a gina tuhuma a kan maganar maƙaryacin da ba a ma gani ba, don haka zargin da Inna ke yi wa abokan sana'arsa shi ma a ajiye shi.

Kuɗinsa kuma hukuncinsu yana bin aikin da ya yi ne, ba jita-jita ba. Nan ne ya kamata dangi su sa ido, a kan abin da ke fili: kalmomin batsa, zambo da cin mutunci, cakuɗuwar maza da mata a wurin rawa, sallar asuba da ke wucewa bayan kwanan biki. In waƙarsa ta ƙunshi waɗannan, a yi masa nasiha ya gyara, abin da ya samu ta nan ba shi da tsarki. Kayan kiɗa kuwa mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana, Malikiyya sun halatta ganga mai fuska ɗaya a bikin aure, sun yi saɓani a kan wasu, wannan babi ne da zai zauna da malami a karanta masa shi a natse. Wanda dukiyarsa ta cakuɗa da halal da abin shakka ba a haramta cin abincinsa ba, balle a ƙaurace masa yana jinya. Ki sami wani dattijo da Kawu ke jin nauyinsa, ya roƙe shi ya janye maganarsa a gaban waɗanda ya faɗe ta, ya nemi afuwar yaron, sannan in da hali Kawun da kansa ya raka yaron asibiti.

Wallahu a'alam.