Irin shinkafa ya ƙi tsirowa, wai "domansi" ne: me ake nufi?

Wani manomi daga Kura ya turo tambaya: ya yanke shinkafar damina sati biyu da suka wuce, ya ɗebi iri ya jiƙa don yin gadon rani, sai kaɗan ne suka fito. Malamin gona ya ce masa "domansi" ne, shi kuma yana tsoron ko irin ya mutu ne.

Malam kwantar da hankalinka. Domansi kalmar Turanci ce, ma'anarta abu yana da rai amma ya kwanta barci, ba ya motsi. Ita ce dai wadda banki ke faɗa maka in ka daɗe baka taɓa asusunka ba, su ce ya zama "domant", ai kuɗin na nan basu gudu ba. To haka iri yake, ka bashi ruwa ka bashi ɗumi amma ya ƙi tashi saboda lokacinsa bai yi ba, kuma wallahi rahama ce, da babu ita da shinkafa ta tsiro tun tana kan zangarniya in ruwan ƙarshen damina ya dake ta. Masu gyaɗar da ke nuna da wuri sun san wannan zafin, ita bata barci, ka makara da cira ka tarar ta tsiro a ƙasa.

Yadda zaka gane: matsa ƙwayar da ta ƙi fitowa. In tana da tauri, cikinta fari tas, barci take. In ta yi laushi tana wari, wannan ta tafi.

Sabuwar shinkafa wani irin yakan ɗauki sati 3 zuwa wata 2 kafin ya farka. Ka baza ta a rana kan tabarma ko tamfol kwana 4 ko 5, kana juyawa, zafi na karya barcin. Daga nan ka ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, bayan kwana 7 ka ƙirga. In 80 sun fito je ka yi gadonka. In basu kai ba ka ƙara sati biyu ka sake gwadawa, kar ka yi saurin kai shi injin casa.