Tambaya da Amsa: Ƙudan zumana sun gudu bayan ɗiba, zumar kuma ta yi tsami

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da amya 12 a kan ɗorawa a gonarmu da ke Birnin Kudu. Bana bayan mun ɗebi zuma da wutar ciyawa cikin dare, amya 8 sun zama kufai, zumar kuma ta fara kumfa da tsami a jarka. Wani ya ce in riƙa fesa ɗan fiya-fiya a bakin amya kafin in buɗe, wai ya fi wuta sauƙi. Hankalina a tashe yake, domin da kuɗin zumar nan nake sayen taki.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya mayar maka da alheri. Tsamin nan ya samo asali ne daga ɗibar zumar da ba ta nuna ba. Duk saƙar da ƙudan ba su gama rufe bakinta da kaki ba, ruwan cikinta yana da yawa, kuma zumar da ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100 ba ta jure ajiya. A cikin duhu ba ka iya bambance rufaffiyar saƙa da buɗaɗɗiya, balle wadda ke ɗauke da ƙwai da tsutsa, sai a kwashe duka a matse wuri guda. Abin da ya kori ƙudan ke nan: an ƙone wani sashe nasu, an kwashe 'ya'yansu da abincinsu, mai yiwuwa sarauniyar ma ta halaka, ƙudanmu na Afirka kuwa ba sa jinkirin ƙaura.

Maganar fiya-fiya ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin kullum sai na ji ta daga bakin masu kiran kansu gwanayen zuma a kasuwannin ƙauye. Ina roƙonka don Allah kada ka kusanci wannan shawara. Fiya-fiya guba ce da aka haɗa don kashe ƙwari, ƙudan zuma kuwa ƙwaro ne, saboda haka babu wani “ɗan kaɗan” da zai gusar musu da hankali su farfaɗo daga baya. Lafawar da ake gani bayan an fesa, har a ce sun yi sanyi, mutuwa ce suke yi. Bayan haka, kaki yana shan irin wannan guba ya riƙe ta, zumar ma tana gurɓata, kuma tacewa da ƙyalle ba ta fitar da ita. Sai ka tambayi kanka su wa ke sayen zumarka. Mai jego ce, da tsoho mai tari, da mai jinyar da aka ce ya sha da ruwan ɗumi, duk sun saya ne da yaƙinin abin da aya ta 69 ta Suratun Nahli ta faɗa, cewa a cikinta akwai waraka ga mutane. Wanda ya fesa guba a amya ya sayar musu ya ci amanarsu, ko da bai yi nufin cuta ba. Abin baƙin ciki shi ne mai ba da shawarar ba ya nan ranar da amyar za ta ƙi kama sabon ƙuda saboda warin maganin da ya shige ta, ba ya nan kuma ranar da wani zai kwanta ciwo.

Abin da kake buƙata shi ne gwangwanin hayaƙi mai zugazugi, wanda maƙeri zai iya ƙera maka, ka zuba busasshen kashin shanu ko totuwar masara, ya ba da hayaƙi mai sanyi ba tare da harshen wuta ba. Ka haɗa da rigar kariya mai raga a fuska, da safar hannu, da wuƙa, da bokiti mai murfi. Ka yi aikin da yamma liƙis, kana iya ganin abin da kake yanka, ka ɗauki rufaffiyar saƙa kawai, ka bar musu ta 'ya'ya da wani kaso na zuma. Idan da hali, ka fara komawa akwati samfurin Kenya, wato amyar katako mai sanduna jere a samanta waɗanda ƙudan ke gina saƙa a jikinsu, faɗin kowace sanda milimita 32 ne, domin yana ba ka damar ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya. Kada ka ɗora zuma a wuta don raba ta da kaki. Ka farfasa saƙar ka bar ta ta tsiyaye ta cikin ƙyalle mai tsabta.

Game da amyoyin da suka zama kufai, ka kankare su, ka shafa musu kaki, ka mayar da su kafin ɗorawa da kaɗanya da mangwaro su yi fure a cikin rani. Ka bar gawo da kurna da magaryar da ke gonarka, ka kuma ajiye ruwa a kasko kusa da su, da tsakuwa ko 'yan karare a ciki don kada ƙudan su nutse.