KU TAMBAYA MU AMSA: Rigimar VAR a fadojin Maradi

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan VAR ne, wato tsarin duba hoton bidiyo don taimaka wa alƙalin wasan ƙwallo, kamar kun haɗa baki. Masu tambaya kan cinikin 'yan wasa ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam malam, don Allah ka raba muna gardama. A fadarmu kullum in an tashi daga kallo har shayi ya huce ana musu, wasu na cewa VAR kwamfuta ce ke yanke hukunci, wasu na cewa mutane ne. Kuma mi ya sa wani lokaci arbit ke rugawa kallon tele, wani lokaci ya taɓa kunne kawai ya ce a ci gaba? Daga wani matashi a unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Waɗanda suka ce mutane ne su suka ci gardama, sauran su biya sukari. Alƙalan wasa ne irin wanda ke cikin fili, an zaunar da su a wani ɗaki gaban teloli da yawa, suna da mai juya masu hoto baya da gaba, kuma suna magana da arbit ta abin da ke maƙale a kunnensa. Hukumar IFAB mai rubuta dokokin ƙwallo ta shigar da abin cikin doka a Maris 2018, bayan an yi ta gwaji tun 2016. Italiya da Jamus sun riga kowa cikin manyan gasanni tun kakar 2017, Sifen da Faransa suka bi a 2018, Ingila sai 2019.

Tun asali ba komai aka ce su sa baki ba. Ƙwallon da ta shiga raga, fenariti, jan kati kai tsaye, sai in arbit ya ruɗe ya ba Audu katin da ya kamata ya ba Tanko. Kuma ko a nan ɗin an ce sai kuskuren ya fito ƙarara. Game da tele kuwa, in magana ce ta ido kamar satar gida, ko an yi ƙeta cikin da'ira ko waje, mutanen ɗaki na iya gaya mishi ya karɓa ba sai ya je ba. In magana ce ta ra'ayi, wato hannun nan da gangan ne ko a'a, turin nan ya kai a busa ko bai kai ba, to sai ya taka da ƙafarsa ya gani, don hukuncin ƙarshe nashi ne.

In har yanzu akwai mai musu a fadar ku, ku tuna mishi da 30 ga Satumba 2023, Tottenham da Liverpool. Luis Díaz na Liverpool ya ci ƙwallo mai kyau, mai tuta ya ɗaga, na ɗaki Darren England ya duba ya ga babu satar gida amma shi a zatonsa an riga an ba da ƙwallon, sai ya ce an gama dubawa, arbit kuma ya ɗauka ana nufin tutar ta yi daidai, kafin su farga an ci gaba da wasa kuma doka ta hana a koma baya. Liverpool ta sha kashi 2-1, hukumar alƙalan Ingila ta fito ta amsa laifi har ta saki muryoyin kowa ya ji yadda suka rikice. Kwamfuta ba ta yin irin wannan, wannan aikin ɗan Adam ne.

TAMBAYA: Malam kar ka ɓoye gaskiya, VAR ta Real Madrid ce. Ƙwallon Lamine Yamal a Kilasiko ta shiga kowa ya gani aka hana. Daga ɗan Barsa na haƙiƙa, Ɗan Gulbi.

AMSA: Ɗan'uwa sannu da haƙuri, na san wasan Afrilu 2024 kake nufi wanda Real ta ci Barsa 3-2, wanda golan Real Lunin ya tare ƙwallon a kan layi. Amma "kowa ya gani" ɗin nan ina da ja. Abin da ya faru shi ne a lokacin gasar Sifen ba ta da na'urar layin raga, wadda ke girgiza agogon arbit cikin daƙiƙa ɗaya in ƙwallo ta wuce layi gaba ɗayanta. Wannan na'ura daban take da VAR, Ingila na da ita tun 2013. Da babu ita sai aka koma ga hotunan kyamara, babu kuma hoton da ya nuna a fili cewa duk ƙwallon ta tsallake, shi ke nan hukuncin farko ya zauna. Gasa mai kuɗi irin wannan a ce ta rasa abin da aka yi amfani da shi a Kofin Duniya tun 2014, nan ne ya kamata ka kai ƙararka, kuma ina bayanka.

Ido kuwa yana ruɗi. Ka tuna Japan da Sifen a Katar 2022, duniya duka ta rantse ƙwallon da Mitoma ya dawo da ita ta fita, sai hoton sama ya nuna ɗan gefenta na rataye kan layi, aka ba da cin, Jamus ta kama hanyar gida. Sannan tunda ka taɓo zancen alƙalai, 'yan Real na fadarku za su tambaye ka miliyoyin yuro da Barsa ta biya kamfanonin Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan Sifen na lokacin, daga 2001 zuwa 2018. Barsa ta ce kuɗin rahoto ne kan alƙalai ba cin hanci ba. Ka shirya amsa kafin ka zauna.

TAMBAYA: Ɗana, ni tun zamanin rediyo nike bin ƙwallo. Da in an ci an ci, kowa ya tashi ya yi ihu. Yanzu sai a ci ka zauna kana jira kamar mai jiran sakamakon asibiti. Wanga abu bai kashe daɗin wasa ba? Daga wani dattijo a Tibiri.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, a nan kam ba zan yi musu da ku ba sosai. Abin da VAR ta ƙwace muna shi ne ihun farko, wanda ba a tunani kafin a yi shi. Yanzu har mai tuta an ce ya riƙe hannunsa sai an gama kai hari sannan ya ɗaga, ga mutum ya ci ƙwallo yana gudu yana waiwayen arbit.

Wanda ya kalli Najeriya da Afirka ta Kudu a Buwake, kusa da na ƙarshe a Kofin Afirka, 7 ga Fabrairu 2024, ya san abin da kuke faɗi. Najeriya na gaba da 1-0, saura 'yan mintuna Osimhen ya ƙara ta biyu, nan Maradi ma an tashi tsaye don Katsina ai gida ce, ana cikin murna sai arbit ɗan Masar ya nufi tele, ya dawo ya soke cin kuma ya tafi can ɗaya gefen ya ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ƙetar da aka yi tun farkon harin, Mokoena ya buga ta shiga, daga 2-0 aka koma 1-1 cikin ƙiftawar ido. Sai a bugun fenariti golan Najeriya Nwabali ya tare biyu aka tsira da 4-2. To amma Baba ga inda gizo ke saƙar, ƙetar nan an yi ta da gaske. Hukuncin daidai ne, zuciya ce dai ba ta so.

Ba ku kaɗai ke ƙorafi ba. Suwidin ta ƙi karɓar abin a gasarta saboda magoya baya ke da murya a kulob-kulob ɗinsu. A Norwe a Yuli 2024 'yan kallo suka yi ta jefa ƙosan kifi cikin fili a wasan Rosenborg da Lillestrøm har aka tashi wasan. A Ingila Wolves ta kawo shawarar a soke shi a Yuni 2024, aka kaɗa ƙuri'a 19 suka ce a bar shi, ita kaɗai ta rage. Ni ma da ina wurin da 19 ɗin zan bi, ku gafarce ni. Zamanin rediyon nan shi ne zamanin da Maradona ya sa hannu a 1986 alƙali ɗan Tunisiya bai gani ba, mu muna jin daɗin labarin don ba mu aka yi wa ba. Ku tambayi mutanen Ailan yadda suka ji a 2009 da Henry ya gyara ƙwallo da hannu Faransa ta tafi Kofin Duniya su suka zauna gida. Abin da nake so a gyara biyu ne, a sa masu iyakar lokaci in ba su gano kuskure ba a bar hukuncin fili, sannan a buɗe muna muryoyinsu mu ji abin da suke faɗi lokacin da suke faɗinsa, ba bayan kwana uku ba.

TAMBAYA: Ni mai gidan kallo ne a Sabon Gari. Wasa ya daina ƙarewa kan lokaci, in kuran ta ɗauke man gurup nike ƙonawa, in ƙara kuɗin shiga?

AMSA: Maigida kar ka sa ni faɗa da samarin unguwa. Ba VAR kaɗai ke ja ba, tun Katar FIFA ta ce a riƙa biyan duk lokacin da aka ɓata, har murnar cin ƙwallo da canjin 'yan wasa. Ka lissafa awa biyu cur ga kowane wasa, kuɗin kuma ku sasanta.

TAMBAYA: Ina wuni. Ni dai na lura duk lokacin da ƙasar Afirka ta haɗu da Turawa ko 'yan Kudancin Amurka VAR ba ta taɓa bin bayanmu. Senegal 2018, Najeriya 2018, Maroko 2022. Kuma yaushe za a kawo ta gasarmu ta gida? Daga wata ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, kuma madalla da wannan tambaya. Mu bi su ɗaya ɗaya don ba duka suka zama ɗaya ba. Duka ukun a Kofin Duniya ne. Na Senegal da Kolombiya, arbit ya ba Mané fenariti ya je ya duba ya soke, ni na kalli hoton sau da yawa kuma Davinson Sánchez ƙwallo ya fara taɓawa da dunduniya, ba a zalunce su ba, yawan katin gargaɗi ne ya fitar da su aka bar Japan. Na Najeriya da Ajantina, ƙwallo ta bugi kan Rojo na Ajantina ta sauko hannunsa, alƙali ɗan Turkiyya ya kalla ya ce babu, abin ya yi ciwo don Rojon ne ya zo ya ci ta biyu a minti na 86, amma kar a manta a wasan nan ɗaya an ba Najeriya fenariti Moses ya ci. Na Maroko da Faransa kuwa ina tare da ke ɗari bisa ɗari, Theo Hernandez ya kwashe Boufal cikin da'ira sai Boufal ɗin aka ba kati, ba a ma kira arbit ya duba ba, har hukumar ƙwallon Maroko ta kai ƙara FIFA. Irin wannan shirun ne ke haifar da zato, don ba wanda ya ji abin da aka ce a ɗakin.

Mu ma nan gida Afirka mun yi namu abin kunyar. Wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, 31 ga Mayu 2019 a Tunisiya, Wydad ta Maroko ta sa ƙwallo a ragar Espérance ta Tunisiya aka ce satar gida, suka ce a duba VAR, ashe na'urar ba ta aiki, ga tele a bakin fili amma hoto babu, suka ƙi ci gaba da wasa aka tsaya sama da awa ɗaya, daga ƙarshe Bakary Gassama ya busa aka ba Espérance kofi, magana har kotun wasanni ta Suwizalan. Daga baya dai an gyara, a Kofin Afirka na Kamaru duk wasanni 52 da VAR aka yi su.

Zancen gasarmu kuma, a yi hanzari ba gudu ba. VAR na son kyamarori da yawa a kowane fili, da wuta wadda ba ta yankewa, da alƙalan da aka horar FIFA ta amince da su. Wasan Dan Kassawa ko Jangorzo da wuya ka ga an ɗauke shi ta kusurwa biyu ma, to mi za a duba? Abin da ya fi kusa da aljihunmu shi ne tsarin da FIFA ta gwada a Kofin Duniya na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, babu ɗaki babu alƙalan zaune, kyamara kaɗan ce, koci ne ke da damar ƙalubale sau biyu a wasa, arbit ya je ya duba, in kocin ya yi gaskiya ba a rage mishi damarsa ba. Shi ma sai an fara samun mai ɗaukar wasan tukuna.